Kano zuwa Jidda da Goyo da Ɗan Shekara Huɗu

Da muka ƙudurta tafiya Umara da yara, kowa da kuka yake tsorata ni. "Wallahi duk jirgin ido zai zuba miki." Ƙaramar watanta goma a lokacin, yayanta shekararsa huɗu, ga shi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama. Sai na tarar kukan jariri mutane suna yafe shi da wuri. Abin da ke ɓata wa fasinja rai shi ne yaro yana ta ɓarna, uwa kuma ta kau da kai kamar ba nata ba.

A goye na shiga da ita, domin hannuna cike yake da fasfo da tikiti. Kafin a tashi ma'aikaciyar jirgin ta ce in sauke ta, ta miƙo mini wani ɗan bel da ake sarƙafawa a jikin nawa. Haka dokar take: yaron da bai kai shekara 2 ba, in ba a saya masa kujera ba, a cinya yake zama lokacin tashi da sauka. Mai yaro ba ya zama a layin ƙofar gaggawa. Akwai ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bangon layin gaba, amma kaɗan ne, sai wanda ya nema tun wajen sayen tikiti. Wasu mata biyu masu jarirai sun so zama tare aka raba su, har ransu ya sosu. Dalilin kuwa abin shaƙar iskan da ke saukowa in an samu matsala ne, a ƙirge yake, yawanci guda ɗaya kawai ake ƙarawa a kan yawan kujerun kowane layi.

Kukan ma yana da sababi. Nauyin iskar cikin jirgi yana canzawa in ana hawa ko ana gangarowa, sai kunne ya toshe ya yi zafi. Babba zai haɗiye yawu ko ya yi hamma, jariri bai san dabarar ba. Don haka na ja lokacin shayarwa har sai da jirgi ya fara gudu a kan titinsa, na lulluɓa mayafi na ba ta. Saukar ta fi tashin zafi, kuma tana farawa wajen rabin awa kafin a taɓa ƙasa, tun kafin ka ga fitilun gari. Yayan kuwa dabino da ruwa suka yi masa magani.

Shi babban, ƙafarsa ce matsalar. Ɗan shekara huɗu gwiwarsa ba ta kai bakin kujera, ƙafar a miƙe take, ko motsi kaɗan ya yi sai ta doki bayan na gaba. Tun kafin a rufe ƙofa na leƙa na gaida dattijon da ke gabansa. "Baba, a yi haƙuri da mu, in ya dame ka ka faɗa mini." Ya yi dariya ya ce, "Ba komai 'yata, mu ma mun haifa." Duk da haka maigida ya cire masa takalmi, ya sa shi ya tanƙwashe ƙafa, ya hana shi buɗe teburin nan da rufewa, tunda a jikin kujerar dattijon yake. Waya kuma sai da iyafis. Wanda ke lazimi a gefenka bai biya kuɗi don ya saurari katun ba.

Inda na fi shan karatu shi ne banɗaki. Jirgin Umara ba kamar na Legas ko Abuja ba ne. Da an kwashe kwanukan abinci layi ya kafu, da an ce an doshi miƙati kuma maza su tashi masu canza harami, ga masu alwala, ƙasa duk ta jiƙe. In ka bari sai lokacin, to da jaririya a kafaɗa za ka tsaya, tana kuka, ƙugunta a ɓace. Ni tun jirgi na daidaita a sama, ana kashe fitilar bel, na kai su duka biyun. A saman masan akwai wani allo da ake saukewa don canza wa jariri famfas. Matsattse ne, amma ya wadatar. Na ga wadda ta shimfiɗe ɗanta a kujera ta canza masa a nan, kusa da mutanen da ke riƙe da Alƙur'ani, cikin wurin da ba a buɗe taga. Ba wanda ya tanka mata, amma fuskoki sun faɗi komai. Leda ce abokiyar tafiya, a ƙulle famfas ɗin a ciki kafin a jefa a kwandon shara. Ƙaramar jaka mai famfas da tsumma da kayan canji, har da nawa hijabin na biyu, a ƙarƙashin kujerar gabana na ajiye ta, don kada in riƙa tada mutane ina buɗe ma'ajiyar sama.

Da barci ya gagari ƙaramar na mayar da ita baya na ɗaure zani, na yi ta kai da komo a tsakanin kujeru, ina kauce wa keken abinci. Wata Hajiya ta miƙo hannu ta ce, "Kawo kishiyar tawa ki samu ki ci abinci." Na ba ta, domin ita ta nema. Ban yarda uwa ta ɗora wa maƙwabci ɗa bai ce a ba shi ba, haka nan ban yarda a cusa wa ɗan wani alawa ba a tambayi uwarsa ba, wani yaron akwai abin da jikinsa ba ya karɓa.

Muna sauka Jidda, tun jirgi bai gama tsayawa ba mutane suka miƙe suna jawo jakunkuna ta saman kawunan yara. Muka zauna har layin ya tsagaita, sannan maigida ya saɓa babban, ni na goya ƙaramar. Keken yaron da muka ba da a ƙofar jirgi a Kano bai fito a ƙofa ba, can wajen ɗaukar kaya muka same shi, bayan doguwar tafiya da layin duba fasfo. Duk wannan tsakanin zanin goyo ne ya yi aikin.