Kwana Uku a Davidson, Inda Ake Rubuta Jarrabawa Babu Mai Tsaro

Jirginmu ya sauka a filin jiragen sama na Charlotte, a jihar Carolina ta Arewa da ke Amurka, da yammacin wata Laraba a farkon watan Disamba, kuma ɗan ƙanwata, wanda ke shekararsa ta biyu a Kwalejin Davidson, shi ne ya tarbe ni da motar wani abokin karatunsa. Muka kama babbar hanya mai lamba 77 muka nufi arewa, tafiyar kimanin kilomita 40 wadda cunkoson masu tashi daga aiki ya mayar da ita ta kusan sa'a guda. Daf da garin, hanyar ta ratsa ta kan ruwan Tafkin Norman, wanda aka samar da shi ta hanyar datse Kogin Catawba domin wutar lantarki. Daga nan hayaniyar birni ta yanke, muka shiga wani ƙaramin gari mai babban titi guda ɗaya, shaguna a hannu ɗaya, harabar kwaleji a ɗaya hannun.

Mabiya ɗarikar Kirista ta Firesbiteriyan ne suka kafa kwalejin a 1837, suka raɗa mata sunan Janar William Lee Davidson, wanda ya mutu a 1781 a yaƙin neman 'yancin Amurka, a wani mashigin kogi da ba shi da nisa daga nan. Majami'arsu mai doguwar hasumiya tana tsaye a bakin harabar, ita ce ginin da baƙo zai fara gani. Da na nuna ɗan damuwata game da ibadar yaron, sai ya ce da ni: "Kawu, ba wanda ya taɓa tilasta mini shiga coci. Muna da ƙungiyarmu ta ɗalibai Musulmi, akwai kuma inda muke sallah." Washegari na ga hakan da idona, hankalina ya kwanta.

Ɗaliban kwalejin gaba ɗaya kimanin 2,000 ne, adadin da bai kai na tsangaya guda ba a wasu manyan jami'o'inmu, kuma digirin farko kawai ake yi. Tsarin karatun shi ne ɗalibi ya taɓa tarihi, ya taɓa kimiyya da lissafi, ya koyi wani harshe, ya yi rubutu mai yawa, sannan a shekara ta biyu ya tsayar da fannin da zai ƙware a kai. Ɗan namu da ya baro gida da niyyar karanta ilimin tattalin arziki, sai na tarar da shi yana haɗa shi da darasin falsafa, a aji na mutum goma sha biyu da malaminsu ya san sunan kowa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da na gani ranar Juma'a da safe a ginin Chambers, babban ginin azuzuwa da aka sake ginawa bayan gobarar 1921. Makon jarrabawa ne. Na tsaya a farfajiya ina kallon ɗalibai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi ambulan ɗin da ke ɗauke da tambayoyinsa, ya nemi aji ya zauna ya rubuta, ya dawo da ita idan lokaci ya cika. Babu malami a ɗakin, babu mai zagayawa yana leƙa ƙarƙashin tebur, kuma ɗalibin ne da kansa yake zaɓar ranar da zai rubuta kowace takarda a cikin makon. Ma'ana, wanda ya rubuta yau yana kwana ɗaki ɗaya da wanda zai rubuta gobe, amma ba zai ce masa uffan ba. Ni da na shafe shekara ashirin da ɗoriya ina tsaron jarrabawa, ina cajin aljihu da safa da hula, na daɗe a tsaye a wurin na kasa tafiya. Dalilin wannan shi ne alkawarin amana da kowane sabon ɗalibi yake sa wa hannu da shigarsa, cewa ba zai yi satar amsa ba, ba zai yi sata ko ƙarya ba, kuma idan ya ga wani ya yi zai kai rahoto. Majalisar da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta ɗalibai ce. A ɗakin karatu na ga kwamfuta a buɗe kan tebur, da jaka da kofin shayi da ya huce, mai su ya tafi cin abinci. A jikin wani allon sanarwa kuma an manne takardar dala biyar da ɗan rubutu cewa an tsince ta a bakin ƙofa.

Kada a ɗauka tarihin wurin duk haske ne. Ɗan namu ya kai ni tsofaffin gine-ginen da ke kusa da titi, ciki har da ɗakuna biyu masu fuskantar juna na tsofaffin ƙungiyoyin muhawara, ya sa na shafa jan bulon bango, ya ce bayi ne suka buga bulon gine-ginen farko na kwalejin. A 2020 hukumar kwalejin ta fito fili ta nemi gafara a kan cin gajiyar aikin bayi. Baƙar fata na farko da suka yi karatu a nan, a shekarun 1960, daga Kwango suka zo, cikinsu har da masanin siyasa Georges Nzongola-Ntalaja, wanda ya kammala a 1967. Mata kuwa sai a shekarun 1970 aka fara ba su digiri. Na ji nauyin wannan labari a ƙirjina, ganin cewa yaron da ke tsaye kusa da ni, da a ce zamanin kakansa ne, da ba a buɗe masa ƙofar ba.

Kuɗin makarantar yana da tsada ƙwarai, sai dai tun 2007 kwalejin ta cire bashi daga tallafin da take bai wa ɗalibai masu buƙata, ta maye gurbinsa da kyauta da ɗan aikin da ɗalibi zai yi a haraba. Da irin wannan tallafi ɗan namu yake karatu, yana aikin 'yan sa'o'i a ɗakin karatu kowane mako.

A daren ƙarshe muka leƙa zauren ƙwallon kwando, inda rigar shahararren ɗan wasa Stephen Curry mai lamba 30 take rataye a sama. Shi ne ya jagoranci wannan ƙaramar makaranta zuwa sahun takwas na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar a 2008, kafin Jami'ar Kansas ta fitar da su da ci 59 da 57. Ya bar karatu a 2009 ya tafi ƙwallon sana'a, kuma duk da shahararsa kwalejin ba ta karrama shi da rataye rigarsa a zauren ba sai a 2022, bayan ya kammala darussan da suka rage masa ya karɓi digirinsa.

Da asubar Asabar yaron ya raka ni bakin mota cikin tsananin sanyi, hannayensa cikin aljihu. Na tambaye shi takarda nawa ta rage masa, ya ce biyu, kuma ya yanke shawarar rubuta ta falsafa ranar Litinin da safe, domin yana son ya ƙara kwana biyu yana bita.