Daga Muncie zuwa Triple Tree: ziyarar filayen ƙananan jirage a Amurka

Gajiyar hanya ba ta sake ni ba tukuna, amma abokan harka sun matsa sai na ba su labari, to ga shi tun da zafinsa. Ga wanda bai san mu ba, mu ne masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannu, da katakon balsa mara nauyi ko da soso, mu ɗaura musu inji mai shan mai ko mai batir, mu tayar da su da rimot muna tsaye a ƙasa. Wanda ya gayyace ni wani dattijo ne a jihar Indiana, tsohon makanike, wanda muka daɗe muna musayar hotunan jirage a wani zauren Facebook ba tare da mun taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Batura ne suka fara jawo mini magana. Ƙa'idar kamfanonin jiragen sama ita ce batirin lithium da ba a cikin na'ura yake ba, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma ƙananan ba su buƙatar wani izini. Nawa duk ƙanana ne, na naɗe bakin kowanne da tef. A filin jirgin da muka yada zango wani jami'in bincike ya zazzage jakata a kan tebur, ya ɗaga rimot ɗina sama yana daka mini tsawa a gaban jama'a. Na ce, "Yallabai, ƙarfin kowane batir yana rubuce a jikinsa, a duba." Ko kallo bai yi ba, ya ce in rufe baki. Sai da wata babbarsa ta zo ta karanta, ta mayar mini da kayana da hannunta, ta ba ni haƙuri. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba. Wulaƙancin ne ban ga dalilinsa ba, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Dattijon ya tarye ni da wata tsohuwar a-kori-kura, bayanta cike da fukafukai a naɗe cikin barguna. Washegari ya kai ni garin Muncie, mazaunin hedkwatar Academy of Model Aeronautics, ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka wadda aka kafa a 1936. Filinsu ya haura eka 1,000, kuma kowane ɓangare da wurinsa: titin kwalta na masu rimot, da'irori na masu juya jirgi da igiyar waya, da sarari mai faɗi na waɗanda ke sakin jirgi ya tafi da kansa su bi shi. Na tsaya ina tuna filinmu na gida, wanda aro ne, sai mun jira 'yan ƙwallo sun tashi.

A gidan tarihin da ke wurin na daɗe a gaban jirgi guda, TAM-5, wanda ya tsallake Tekun Atlantika a watan Agusta na 2003, daga Newfoundland ta Kanada zuwa Ireland. Kusan kilomita 3,000 ke nan cikin awa 38 da minti 52, nauyinsa bai wuce kilo 5 ba har da man da ya ɗauka. Maynard Hill, wanda ya ƙera shi, yana da shekara 77 a lokacin, idonsa ya kusa tafiya, kunnensa ma haka. Can gaɓar Ireland wani abokin harkarsa, Dave Brown, shi ya tsaya da rimot yana jira, ya karɓi jirgin a sama ya sauko da shi. Mai masaukina ya ce shi wannan ɓangaren ne ya fi burge shi, mutum ya yi aikin shekaru, ya bar wa wani saukar.

Ban fahimci maganarsa sosai ba sai da muka je filin kulob ɗinsu. Ƙaramin wuri ne a tsakiyar gonakin masara, da ƙofa mai kwaɗo, da rumfa, da teburan haɗa jirgi, da ƙyallen nuna iska a kan sanda. Dokoki suna manne a allo. Hukumar jiragen sama ta ƙasar, FAA, tana so a yi rajistar duk abin da ya haura giram 250, kuɗin dala 5 ne na shekara uku, akwai kuma 'yar jarrabawa kyauta a intanet. A galibin wurare ba a wuce ƙafa 400 a sama, kuma dole jirgin ya kasance idonka na ganinsa. Katin ƙungiya yana tafe da inshora, shi ya sa ake tambayarsa kafin a bar baƙo ya tashi. Abin da na fi so shi ne kiran da suke yi. Mai tashi sai ya ɗaga murya ya faɗa, mai sauka haka, wanda zai shiga titi ɗauko jirgi haka. In kuwa injin wani ya mutu a sama ya yi kira, kowa zai kauce masa ya fara sauka. Mu a wurinmu kowa tashi yake yadda ya ga dama, sai an yi karo a fara cacar baki. Wannan kam za mu ɗauka, ba ya cin ko sisi.

Dattijon ya fito da wani jirgi ƙirar Piper Cub ruwan ɗorawa, kashi ɗaya cikin huɗu na girman na gaske, wanda ya ce damunar ƙanƙara guda ya kwashe yana haɗawa. In ka ɗaga fiffiken a rana kana hango haƙarƙarin balsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin rufin. Ya zuba mai, ya kaɗa farfela, ya saurari injin da kunne yana murɗa allurar mai kaɗan-kaɗan da yatsunsa masu tabon gam, har ƙarar ta daidaita. Ya tayar da shi, ya zaga sau ɗaya, kawai sai ya miƙo mini rimot. Akwai wayar da ake haɗa rimot biyu da ita don malami ya iya ƙwace jirgi daga ɗalibi. Bai haɗa ta ba. Na ce, "Baba, in na fasa fa?" Ya ce, "Sai mu gyara tare, ai gam bai ƙare ba." Ya zura hannu a aljihu ya koma gefe. Jirgin yana da sanyin hali, yana son a taimaka masa da jela a kwana, kuma na sauke shi lafiya a kan ciyawa. Duk wanda ya taɓa haɗa jirgi da hannunsa ya san nauyin abin da mutumin nan ya yi mini.

Da yamma wani saurayi ya rasa jirginsa, ya nutse a gona can nesa. Ba wanda ya ce a tashi, sai ga mutane sun ajiye abin da suke yi, sun jera cikin gonar da leda suna tsintar guntaye, suna taka-tsantsan kada su tattake shukar mai gona, don da yardarsa filin yake. Kafin mu watse wani ya ɗauko masa tsohon fiffike daga mota, wani ya ba shi farfela.

Daga nan muka yi kudu zuwa Woodruff a jihar South Carolina, wurin taron Joe Nall da ake yi kowane watan Mayu a filin Triple Tree. Pat Hartness ne ya fara taron a 1983. Joe Nall amininsa ne, mamba a hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya rasu a haɗarin jirgi a Venezuela a 1989, sai aka mayar da taron da sunansa. Titin tashin ciyawa ne zalla, tsawonsa ƙafa 7,000, an aske shi lumui kamar shimfiɗar darduma. Mutane dubbai, tantuna da tireloli iya ganinka. Layin manyan jirage daban, na masu batir daban, na masu wasan tsayar da jirgi a kan jela daban, ga tafki na masu sauka a ruwa. Da dare kuma jirage masu fitilu su cika sama.

Kuɗi kam ana zubar da shi a wurin. Akwai jirage masu injin jet na gaske, waɗanda injin kaɗai dubban daloli ne, tirelar da ke ɗauke da su ma abin kallo ce. Na yaba aikin, amma zuciyata ba ta can. Wasu daga cikin masu su sayen jirgin suka yi a haɗe, ka tambaye su yadda aka daidaita nauyinsa su kasa ba ka amsa. Na fi jin daɗin zama da masu jiragen soso da tsofaffin masu balsa, waɗanda za su juya maka jirgi ciki-bai su nuna maka inda ya taɓa karyewa. Ɗakunan kwana na kusa sun yi tsada ƙwarai a makon, da ba don tantin dattijon ba da ban iya ba. Kayan gyara sababbi kuwa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda babu kuɗin aike a kansu.

Gaisuwarsu gajera ce, da farko har na ɗauka rashin sakin fuska ne. Daga sannu sai "wane jirgi kake tashi?" Amma ba mai taɓa jirgin wani sai ya nemi izini, yara ma an koya musu haka, kuma in ka durƙusa kana gyara, kafin ka ɗago wani ya miƙo maka sukudireba.

A nan na yi cinikin da ya fi kowanne. Wani mutum ya baza kayan gwanjo a bayan motarsa, ciki har da injin kamfanin O.S. mai bugu huɗu, ya sha aiki amma matsinsa da ƙarfi. Ya ce dala 120. Na juya shi, na ajiye. Da ya ji nisan da na taho, sai ya tambayi yadda muke samun kayan gyara, na ba shi labari. Ya sallama a 60, ya ƙara mini farfela biyu da fulogi, ya rubuta mini yadda yake saita allurar a bayan wata takarda.

A hanyar komawa mun tsaya wani fili a Tennessee, ruwan sama ya hana tashi, muka zauna a rumfa ana hira. A Kentucky iska ta yi yawa. A Dayton ta jihar Ohio mun leƙa Huffman Prairie, makiyayar da 'yan uwan nan Wright, magabatan ƙera jirgin sama mai inji, suka goge a tuƙin jirgi a 1904 da 1905, su da sha'awarsu ta faro daga wani ɗan jirgin wasa mai roba da mahaifinsu ya kawo musu a 1878.

Dattijon ya ce shi ma yana nan tafe. Ya nemi in auna masa tsawon filinmu da faɗinsa, in faɗa masa ta inda iska ta fi kaɗawa, don ya san jirgin da zai ɗauko. Ranar Asabar zan je da igiyar awo, masu zuwa su zo da wuri kafin 'yan ƙwallo.