Kafin A Jere Wa Amarya Kukar Lantarki: Wasiƙa Daga Manchesta

Assalamu alaikum, 'yan uwana Zazzagawa. Ina gaida iyaye da yayye, na cikin ganuwa da na Tudun Wada da Sabon Gari, har Samaru. Ya sanyi? Mu nan a Ingila rana ta zama baƙuwa.

Dalilin wasiƙar nan bikin ƙanwata ne. Gwaggonmu ta kira ni da bidiyo ranar jere, tana zagaya min kicin ɗin amarya, sai ga kukar lantarki mai kai huɗu har da tanda a ƙasa. Na ce, "Gwaggo, a ina za a jona ta?" Ta juya wayar ta nuna min soket ɗin bango, wanda firji ke kai. Ta ce, "Ga wuta nan, ɗan nan, me kuma ake nema?" Ni da nake cin abinci da aikin wayarin a nan, sai da gabana ya faɗi.

Soket mai baki uku da muke amfani da shi a gida irin na Ingila ne, fis ɗin filoginsa amfiya 13 ne. A wutarmu mai bolt 230, iyakar abin da zai ɗauka wat 3,000 ke nan. Butar lantarki, dutsen guga, ko ƙaramin hotfilet mai kai ɗaya, duk ba laifi. Amma babbar kuka in an kunna kawunanta da tandar tana iya jan wat 8,000 zuwa 10,000. Kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki.

Irin wannan kuka layinta daban ake ja mata, tun daga akwatin rarraba wuta har kicin, ba ta tarayya da kowa. Wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ba ta isa ba. Abin da aka saba shi ne milimita 6 da bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in lodi ya yi yawa) mai amfiya 32, in kukar babba ce ƙwarai ko tazarar da nisa sai a koma milimita 10. Ni dai a Zariya na fi son a yi kuskure ta wajen kauri, domin wayar da ta ratsa silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ta riga ta sha zafi tun ba a kunna komai ba, kuma waya in ta yi zafi abin da take iya ɗauka raguwa yake.

Ga inda muke yawan cutar kanmu. Bireka ta riƙa faɗuwa, sai a kira yaro ya sa babba, ko a ɗaure fis da waya mai kauri, a ce an huta. Ai birekar nan wayar cikin bango take karewa. In ka sa mai amfiya 45 a kan siririyar waya, wayar ce za ta narke a inda ido ba ya gani, ita kuwa bireka ko gezau. Ku kuma lura da wayar da kuke saya a kasuwa: akwai wadda alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya fito fari, a mayar wa mai shago abinsa.

A bangon kicin a sa makunni na musamman mai amfiya 45, mai yanke waya biyu a tare. Kada ya wuce mita 2 daga kukar, kada kuma a kafa shi a samanta, don in mai ya kama da wuta ba ta cikin harshen wutar uwargida za ta miƙa hannu ba. Jikin kuka ƙarfe ne, mai girki kuma sau da yawa hannunta da lema, ƙafa ba takalmi. Don haka wayar ƙasa dole ce, a haɗa ta da sandan jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, a ƙara da na'urar nan mai katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci.

A nan Ingila tun 2005 doka ta ce sabon layi irin wannan sai an sanar da hukumar gine-gine ko mai rajista ya yi shi ya ba da takarda. Mu ma muna da hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin shaida, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka. Kuma a raba layin kukar da na janareta, ƙaramin injin gida ba zai ɗauke ta ba. Batun mitar wuta kuwa, kai ɗaya mai wat 2,000 in ya yi awa guda ya cinye yunit 2, sai mai tuwon gidan yawa ya yi lissafinsa.

Angon dai na ce ya zare filogin, su lallaɓa da gas zuwa a ja layin. Ya ce fasa sabon fenti da ciwo. Na ce a bi ta saman bango da bututun roba, kuɗin wayar kuma a wuyana, cikin gudummawata. Gwaggo ta ce da ma ba ta ga tawa gudummawar ba.

A gaida mutanen Ƙofar Doka.

Naku,
wani Bazazzagi a Manchesta