Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwayar da Ta Zauna a Cikina

A makon jiya na tsaya inda likita ya tura ni gwajin bayan gida, bayan shekarun da na yi ina fama da olsa, ina kwantar da zafin ƙirji da jiƙon kanwa da madara kamar yadda matan unguwarmu suke yi. Sakamakon ya nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori.

"Malama," in ji shi, "asid ɗin da ke cikinki yana hallaka yawancin ƙwayoyin cuta, amma wannan ta san dabarar zama." Ya bayyana mini cewa tana fitar da wani sinadari mai suna urease, wanda yake samar da amoniya a kewayenta, amoniyar ta dakushe kaifin asid, ita kuma ta kutsa cikin majinar da Allah ya lulluɓe bangon ciki da ita. Idan ta kafu a ƙasan ciki, kumburin da take haddasawa yana sa jiki ya yawaita sinadarin gastrin, shi kuma ya umarci ciki ya ƙara zubo da asid, wanda yake gangarawa farkon hanji ya ci namansa. A nan na gane dalilin da ciwon yake tashe ni tsakar dare, lokacin da ciki ya wofinta, da dalilin da kanwa take ba ni sauƙin ɗan lokaci kawai.

Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano wannan alaƙa. Marshall har ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don a yarda, kuma an ba su kyautar Nobel a 2005.

An rubuta mini omeprazole da amoxicillin da clarithromycin na kwana 14. Omeprazole, wanda ake sha kafin abinci, yana rage fitar asid domin gyambon ya warke, magungunan kashe ƙwayar kuma su samu ƙarfin aiki. Bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, amma likitan ya gargaɗe ni cewa yankewa a tsakiya yana barin ƙwayar da ta fi taurin kai, kuma ya hana ni ibuprofen da diclofenac da nake sha saboda ciwon gwiwa.

Ya ce in dawo a sake gwaji bayan mako huɗu da gama maganin, in kuma dakatar da omeprazole mako biyu kafin ranar, domin yana ɓoye ƙwayar. Ranar ta faɗo dab da azumi, kuma daga nan zan ɗora mako mai zuwa in sha Allahu.