Rigunan Sanyi a Bayan Mota: Shekaruna na Tarbar Baƙi a San Bonifas

Daga Oktoba zuwa Afrilu, bayan motata ba ya rabuwa da manyan rigunan sanyi. Akwai na manya, akwai na yara, ga huluna da safar hannu cikin wata jaka, duk kwancen da mutanen unguwa suka tara ne. In na je filin jirgin Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, tarbar iyali, bayan gaisuwa da ban gajiya sai in tsayar da su daga ciki, in hana kowa fita sai ya sa riga ya ja zif har wuya. Na taɓa tarbar wani magidanci cikin Janairu, ya sauko da shadda mai ɗinki na kece raini da takalmi sau-ciki, alhali a waje sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Iskar farko da ta buge shi a bakin ƙofa, hawaye suka zubo masa ba da niyyar kuka ba.

Ni ma haka na sauka a 2017 daga Maraɗi, da maiɗakina da yara biyu. Malamin lissafi ne ni a gida, kuma Faransancin da na koya a lakwal, wato makarantar boko, shi ya buɗe mini ƙofar Kanada. Ma'aikatan Accueil francophone, cibiyar tarbar baƙi masu jin Faransanci da aka kafa a 2003, su suka karɓe mu, suka raka mu muka yi katin lafiya da lambar da ba a ɗaukar mutum aiki sai da ita. Bayan shekara biyu na fara rama alherin da aka yi mini: ina ɗauko mutane, ina raka su neman gida, ina zama da su kan takardu. Ba ma'aikacin kowa ba ne ni, aikin sa kai ne.

Dalilin da ya sa Kanada ke neman irinmu ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu Faransanci suna lardin Kebek, amma akwai kusan miliyan ɗaya a warwatse cikin sauran larduna, a tsakiyar masu Ingilishi. A 1971 su ne kashi 6.1 cikin ɗari na mutanen da ke wajen Kebek, a 2021 sun koma kashi 3.5. Haihuwa ta ragu, auratayya da masu Ingilishi ta yawaita, kuma baƙin da ke shigowa ƙasar akasarinsu ɓangaren Ingilishi suke faɗawa. Tun 2003 gwamnatin tarayya ta ce tana son kashi 4.4 na baƙin da ke zama a wajen Kebek su kasance masu Faransanci, amma ba ta cika wannan alkawari ba sai 2022. Daga nan aka ɗaga mizani zuwa kashi 6 a 2024 da kashi 8.5 a 2025, kuma tun 2023 tsarin Express Entry, na zaɓen ƙwararrun baƙi da za a ba izinin zama, yake ware zaɓe na musamman ga masu Faransanci. Shi ya sa matasanmu a Yamai da Duwala da Abijan suke ta rububin jarrabawar gwajin Faransanci ta TCF da TEF.

Duk wannan na san shi a takarda. Abin da ban fahimta ba shi ne zafin da mutanen San Bonifas, unguwar masu Faransanci a Winifeg, suke ji a kan harshen, sai da wata dattijuwa ta zaunar da ni. Ita aka haɗa mu da ita a shekararmu ta farko don ta riƙa nuna mana gari, yarana suna ce mata Kaka, ni ina ce mata Inna. Wata rana muna shan shayi a kicin ɗinta ta ba ni labarin makarantar ƙauyensu. A 1916 lardin Manitoba ya soke koyarwa da Faransanci, tun kafin nan ma, a 1890, an tsige shi daga majalisa da kotuna. Sistocin coci ba su daina ba, a ɓoye suka ci gaba. Ta ce in aka hango motar sufeton makarantu, sista za ta yi alama, kowane yaro ya tura littafin Faransanci ƙarƙashin tebur ya buɗe na Ingilishi. Tana faɗa tana nuna mini da hannu yadda ake yi, da sauri, kamar sufeton yana bakin ƙofa a lokacin.

Sai na ba ta nawa labarin. A lakwal ɗinmu akwai sanbol, wani ƙashi ne da aka ɗaura wa igiya. Yaron da aka ji ya yi Hausa a filin makaranta shi ake rataya wa a wuya, ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda kuma ya wuni da shi, mushe, wato malami, ya san abin da zai yi masa. Na rataya shi ba sau ɗaya ba. Inna ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗana, ashe harshen da aka dake ni don na yi shi, kai an dake ka don ba ka yi shi ba."

Tun daga ranar nake ganin abin da idon da ya dace. Su Faransanci nonon uwa ne da suka yi ta kare shi, har wani ɗan kasuwarsu, Georges Forest, ya ƙi biyan tarar ajiye mota ta dala 5 don an rubuta masa takardar da Ingilishi kaɗai, ya bi shari'ar har Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 1979. Mu kuwa harshen aiki ne da muka gada daga mulkin mallaka, mun iya shi, muna ci da shi, amma ba da shi muke mafarki ba. Wanda zai tarbi baƙo a nan dole ya san waɗannan tarihohi biyu, in ba haka ba zai yi ta mamakin me ya sa baƙon bai damu ba in ɗansa ya koma Ingilishi, ko me ya sa ɗan gari yake ɓata rai a kan hakan.

Babban kuskurena na yi shi ne a kan wani ɗan'uwa daga Garwa ta Kamaru, akanta, mai Hausa da Fillanci da Faransanci mai kyau. Tun yana gida muke magana ta WhatsApp. Ya tambaye ni ko rashin Ingilishi zai hana shi aiki, ni kuma don ɗokin mu ƙaru sai na ce masa ya taho kawai, nan akwai jami'ar Faransanci, akwai jarida, akwai rediyo, akwai asibitin da za a duba shi da Faransanci. Ban yi ƙarya ba, duk akwai su. Jami'ar San Bonifas tana nan, jaridar La Liberté tana fitowa tun 1913. Abin da na ɓoye shi ne da zarar ka ƙetare gadar Jan Kogi ka shiga tsakiyar Winifeg, kasuwa da banki da kamfanoni duk Ingilishi suke ji. Ya kai takardun neman aiki wurare da dama, wasu ko amsa ba su ba shi ba, waɗanda suka kira shi kuma hirar ba ta wuce minti biyar. Takardar shaidarsa ta akanta ma sai an sake tantance ta, ya ƙara karatu. Ya ƙare yana lodin kwalaye da dare a wani rumbun ajiyar kaya. Wata takwas ya yi ya kwashe iyalinsa sai Monreyal ta lardin Kebek. Ranar da na je taya shi ɗaure kaya, ya dube ni ya ce, "Yaya, da ka gaya mini gaskiya, da shekarar da na yi ina jiran biza na yi ta ina koyon Ingilishi." Ban sami abin cewa ba. Yaransa uku ne, kujeru uku ke nan da suka koma wofi a makarantar unguwa, kuma da hannuna a ciki.

Yanzu duk wanda ya kira ni, maganar farko da nake masa ita ce Faransanci zai shigo da shi, amma tuwon yau da gobe sai da Ingilishi, sai fa in malamin makaranta ne ko mai renon yara ko ma'aikacin lafiya, inda ake neman masu Faransanci ruwa a jallo, su ma sai sun bi layin tantance takardu. Ina gaya masa ya fara karatu tun yana gida, in ya iso kuma akwai azuzuwan Ingilishi kyauta ga masu takardar zama ta dindindin. Ina kuma ja masa kunne kan dillalan biza. Wanda ya ce ka ba shi miliyoyin sefa ya sayo maka takardar ɗaukar aiki, ɓarawo ne.

Sai maganar gida, wadda ban taɓa zaton tana da alaƙa da harshe ba. Mai gidan haya yana son wasiƙar tsohon mai gidanka, da shaidar albashi, da tarihin biyan bashinka a bankin ƙasar. Mutumin da ya sauka jiya ina zai samo su? Ga iyalanmu da yawa, yara biyar ko shida, gidajen kuma ɗaki biyu ne. Na taɓa yawo da wata baiwar Allah 'yar Kwango da 'ya'yanta biyar har gida tara cikin mako biyu, wani mai gidan da ya ƙirga yaran da ido sai ya ce an riga an kama. Daga ƙarshe can nesa da San Bonifas ta samu. To inda ka kwana nan za ka yi maƙwabta, nan yaranka za su yi abokan wasa, kuma makarantar da ke bakin layi ta Ingilishi ce. Iyalai da yawa ba niyyar barin Faransanci suka yi ba, kuɗin haya ne ya fitar da su.

Makaranta kuwa ita na fi ɓata lokaci a kanta da iyaye, don iri uku ce kuma ana rikita su. Akwai ta Ingilishi zalla. Akwai wadda ake koya wa 'ya'yan masu Ingilishi Faransanci, ana ce mata imarsiyo. Sannan akwai ta masu Faransanci kansu, ƙarƙashin hukumar makarantunsu, DSFM, da ta fara aiki a 1994, wadda iyaye ke tafiyar da ita. Sashe na 23 na kundin 'yancin 1982 ya ba da wannan haƙƙi ga 'yan ƙasa waɗanda Faransanci ne harshensu na farko ko suka yi firamare da shi a Kanada. In aka bi rubutun sak, ni Bahaushe ban shiga ba, hukumar makarantun ce ta buɗe wa irinmu ƙofa. Iyaye sukan ce mini tsoro suke kada yaro ya rasa Ingilishi. Ina ba su amsa da maganar mutanen nan, cewa Faransanci koyonsa ake yi, Ingilishi kuwa kamuwa ake yi da shi kamar mura. Na gani a gidana. Ba wanda ya koya wa ɗana, cikin wata shida ya dawo daga filin ƙwallo da shi.

Ba zan ce komai lafiya lau ba tsakaninmu da 'yan gari. Akwai waɗanda suke son yawanmu a ƙidaya, amma in an zo zaɓen shugabannin kwamiti sai fuskokin da aka saba gani. Na sha zama a taro a kira ni "sabon zuwa" bayan shekara bakwai ina biyan haraji. Duk da haka abubuwa sun motsa. Dokar lardi ta 2016 ta faɗaɗa ma'anar mai Faransanci, ta shigar da wanda yake rayuwa da harshen ko da ba shi ya sha a nono ba, kuma a 2017 babbar ƙungiyar al'ummar ta sauya sunanta don ya ɗauke mu duka. Mu ma da namu laifin. Muna cika ɗakin suna da biki, amma ranar taron iyayen yara ko zaɓen wakilan makaranta ba ka ganin ko mutum uku. Shi ya sa kowane Fabrairu nake tattara sabbin iyalai mu je bikin Festival du Voyageur, yara su ci alewar ruwan bishiyar mafal da ake zubawa a kan ƙanƙara a naɗe da tsinke, manya su ga mutanen da za su zauna da su. Ina dai gargaɗinsu kan miyar wake, don galibi da naman alade a ciki.

Abin da ya fi damuna yanzu a cikin gidana yake. 'Yata tana karatu da Faransanci, tana faɗa da ƙanenta da Ingilishi. Kwanan baya mahaifiyata ta turo mata saƙon murya daga Maraɗi, ta saurara sau biyu, ta miƙo mini wayar ta ce, "Baba, me Kaka take nufi da 'kin yi mini nisan kiwo'?" Jikina ya yi sanyi. Shekarar da Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, 2025, ta mai da Faransanci harshen aiki, ni ina nan ina taya wasu riƙon harshensu, nawa yana zubewa a falo. Da na kai wa Inna kukana ba ta yi mini ta'aziyya ba, cewa ta yi in yi abin da sistocinsu suka yi, ni ko ɓoyewa ba sai na yi ba. Yanzu kowace Asabar bayan la'asar yara shida suna taruwa a gidanmu, namu da na wasu iyalai biyu daga Damagaram da Kano. Maiɗakina tana yi musu tatsuniya, ni ina koya musu rubuta ƙ da ɗ da ɓ.

Ranar Alhamis mai zuwa wani iyali zai sauka daga Njamena, mutum shida. Na riga na gaya wa maigidan duk abin da ban gaya wa mutumin Garwa ba, ya ce ya ji, kuma ya yi wata biyar yana zuwa ajin Ingilishi da yamma. Gidan da muka samo musu yana kan hanyar motar makarantar Faransanci. Abin da ya rage mini shi ne takalmin ƙanƙara na yarinya 'yar shekara huɗu, Inna ta ce in biyo gobe in duba na jikokinta.