An ce na ɓata sabuwar talabijin

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025. Gwarinpa.

Sha ɗaya da rabi na dare. Kafaɗata na ciwo, ƙurar siminti ba ta gama fita daga hancina ba, uwargida kuma ta shige ɗaki tana jin haushina. Amma dai talabijin ɗin tana bango. Wata goma sha biyar ina zagaya ta kamar kaza ta ga tsaba a kwalba.

Tun Janairun 2024 na ƙulla niyya, lokacin gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa. Na tambayi farashi ran Litinin, na koma ran Juma'a da kuɗina, aka ce wancan farashin ya rasu. Lokacin ne dala ke tsalle kullum, kafin Fabrairu ya ƙare ta haura naira 1,500. Wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairu, da aka ci mu 2 da 1 a Abidjan, a tsohuwar na kalle shi, mai tabon haske a kusurwar hagu. Gara ma da aka yi haka, baƙin ciki ba sai an gan shi tar ba.

Jiran ya koya min cewa masu ƙera kayan nan suna da nasu zagayen shekara. Kowane Janairu sukan baje sabbin samfura a taron CES na Las Vegas, wajen Maris ko Afrilu su shiga kasuwa, na bara kuma ya fara sauka. Can Amurka ana cewa a jira rangwamen ƙarshen Nuwamba. Na jira shi a nan Abuja, na ga an manna jar takarda a jikin gilashi, sai dai ni da nake rubuta farashi a wayata duk wata na san an ɗaga shi makonni kaɗan kafin a "rage". Mu abin da ke juya farashinmu yana bakin 'yan canjin Zone 4. Sai kuma Sallah. Ana gobe Sallah ko uwarka ce mai shago ba za ta rage maka ba. Yau kwana 13 da Ƙaramar Sallah, aljihun kowa ya bushe, kuɗin makarantar zango na uku na leƙowa, shaguna sai ƙuda, ga labarin C5, sabon samfurin talabijin ɗin LG, ta fito a waje. Wanda ke da C4 ta 2024 a sito ya fara lissafi. Wannan ranar nake jira.

Ƙarfe goma muka isa Wuse 2, ni da ƙanina. Yaron shagon na ganina ya yi murmushi.

"Yallaɓai, yau ma kallo ne?"

"Kira min Alhaji."

Ba zan rubuta kuɗin a nan ba, don na san Yaya yana leƙo wannan shafi, kuma har yau bai yafe min zancen filin Kuje ba. Abin da zan ce shi ne ciniki ya ci kusan awa guda, na miƙe sau biyu, a na biyun sai da na kai bakin ƙofa. Alhaji mai shagon ya so ya lallaɓa ni da wadda ke rataye a shagon, wai zai sauko sosai. Na ce a kai kasuwa. Wadda ta yi watanni tana ci daga safe zuwa dare da iyakar haskenta, tana maimaita hoton talla ɗaya, ta riga ta ci wani abu daga kwanakinta. Irin wannan talabijin, wato OLED, ba ta da fitila a baya irin na sauran. Ɗigo sama da miliyan 8 ne a fuskarta, 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wato 4K, kowanne da kansa yake ba da haske, kowanne kuma da yawan aikinsa yake tsufa.

Sharaɗina ɗaya, a buɗe kwali a gabana, a gwada kafin ta bar shagon. Nasa sharaɗin, sai ya ga alat. Banki ya ce kuɗin ya wuce iyakar da zan iya turawa lokaci guda, na raba biyu, rabi na biyun ya maƙale a hanya minti arba'in. Muka zauna muna shan ruwan leda muna zancen zafin bana kamar ba abin da ke damun kowa.

Da alat ya shigo na duba lambar da ke kwali da wadda ke bayan talabijin ɗin da ta takardar garanti, duk ɗaya. Sannan na zaro filash ɗina. Hotuna shida ne kawai a ciki: ja zalla, kore zalla, shuɗi, fari, toka-toka mai duhu, da baƙi. Na kusa manna hancina da gilashi ina neman ɗigon da ya mutu ko ya maƙale. Babu. A toka-tokan akwai wani siririn layi a tsaye da sai ka ƙura ido, wannan kuwa kusan kowace OLED tana da irinsa, kuma yakan lafa da amfani. Da na kawo baƙin sai yaron ya zabura ya nufi soket.

"Alhaji, ta mutu!"

Ba ta mutu ba. Baƙinta ke nan: ɗigon da aka ce ya yi baƙi kashe kansa yake yi gaba ɗaya. Saboda wannan baƙin na biya kuɗin nan, ba don komai ba.

Mai a-kori-kura ya so ya kwantar da kwalin a bayan mota. Na ce a tsaye za ta tafi, kamar yadda aka zana a jikin kwalin. Inci 65 ce, faɗinta ya kusa mita ɗaya da rabi, samanta kuma bai kai kaurin wayar hannu ba, rami ɗaya ya ishe ta. Ƙanina ya hau baya ya rungume ta, muka biyo titin Ahmadu Bello ta Kado a hankali kamar masu rakiyar amarya, ga hadari ya haɗo ta gabas. Sai da muka shigar da ita falo aka yi ɗan yayyafi, shi ma bai jiƙa ƙasa ba.

Mai kafawa ya zo da injin huda bango da ra'ayinsa. Shi a ganinsa babbar talabijin sama ake kai ta, kusa da silin, yadda baƙo zai gan ta tun daga ƙofa. Na zauna a kujerar da nake zama kullum, na ce ya sa alama daidai idona, nan tsakiyarta za ta zauna. Ya ce, "Oga, kamar ta talaka fa za ta yi." Na ce na ji. Hajiya ma a ƙasa take zama kan darduma, wuyanta ba na wasa ba ne. Na sa ya jona ta a layin inbata, ba a soket ɗin da firij yake ba.

Biyar da rabi aka take wasan Arsenal da Brentford, muka kalla yadda ta fito daga kwali. Ƙanina, wanda tun ran Talata da Arsenal ɗinsa suka lallasa Real Madrid 3 da nema bai sauko ƙasa ba, ya ga tsari mafi ƙyalli a jerin ya danna. Ciyawa ta koma kore irin na fentin gidan mai, jar riga kamar za ta ɗiga. Shi da yara sai ihu. Magariba ta tashe mu, kuma duka ƙwallaye biyun muna masallaci aka zura su. Ɗaya da ɗaya. Ya ce ba komai, Laraba yake jira, ranar karo na biyu da Madrid.

Bayan Isha'i na karɓi rimot, a nan rigima ta fara.

Na mayar da ita Filmmaker Mode. Wannan tsari ne da masu shirya fina-finai da kamfanonin talabijin suka haɗu a kai a 2019, don hoto ya fito yadda aka gyara shi a ɗakin tacewa. Yana kashe kwalliyar da talabijin ke ƙarawa da kanta, ya mayar da fari kan ma'aunin da ake kira D65, wato wajen kelbin 6500 a ma'aunin zafin launi. Na kashe tsarin tsimin wuta mai rage haske yadda ya ga dama. Na tabbatar kaifin hoto ya sauka ƙasa, don abin da yake yi kawai shi ne zana farin layi a gefen komai. Na duba TruMotion a kashe yake: fim hotuna 24 ake ɗauka a daƙiƙa, ita kuma sai ta ƙirƙiro wasu ta cusa a tsakani, fim mai tsada ya koma kamar bidiyon biki. Ga ƙwallo ban damu ba, ita dama 50 take zuwa mana. Hasken kuma na sauke shi sosai. Masu tace hoton da aka saba, wanda ba na HDR mai ƙarfin haske ba, a kan nit 100 na ma'aunin haske suke aiki, cikin ɗaki mai duhu. Falona ba haka yake ba, ga taga mai kallon yamma, don haka na ware wani tsari daban na rana mai ƙarin haske, na bar wannan na dare.

Uwargida ta fito daga kicin ta tsaya riƙe da faranti.

"Abban yara, me ka yi mata?"

"Gyara ta na yi."

"Gyara? Ɗazu kamar madubi, yanzu kamar an yi hazon hunturu a ciki. Wannan kuɗin duka ka kashe don ka mayar da ita tsohuwa?"

Na ce ta ba ni minti biyu. Na sa hotonmu na ranar Sallah, wanda nake sanye da farar shadda. Na koma tsarin ɗazu: rigar ta yi shuɗi-shuɗi kamar mai wanki ya cika mata bula, aikin wuyan ya narke cikin haske ba ka ganin zare, fuskar ƙaramarmu ta yi ja kamar an shafa mata manja. Na dawo nawa: ga zaren aikin ɗaya bayan ɗaya, ga yarinya da kalar da Allah ya ba ta. Na ce, "Wacce ce 'yarki a ciki?"

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta biyun. Amma ta farkon ta fi kyau."

Ban da amsa. Ita ma gaskiyarta ce. Bula ai don ta burge ido ake sa ta, kuma shekara da shekaru idonmu ya saba da farin da ya sha bula, a waya, a shago, a tsohuwar talabijin. Na roƙe ta mako guda kada kowa ya taɓa. Na san ido yana sabawa, bayan kwana uku wancan ne zai riƙa yi mata yaji. Ta ce mako guda, ranar Asabar kuma za a yi zaɓe, yara ma suna da ƙuri'a. Na san inda ƙuri'arsu take.

Kada in yi wa kaina ƙarya, abin da na yi yau ba shi ne saiti na ainihi ba. Na ainihin sai da na'urar auna launi da ake ɗorawa a kan gilashin, da manhaja irin Calman, a bi matakan toka-toka ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da su, kuma masu sana'ar sukan ce a bar sabuwa ta yi aiki kamar awa 100 tukuna. Ƙanina ya nuna min lambobin da wani ya wallafa na tasa, wai in kwafa. Na ƙi. Ko samfuri ɗaya ne, kowane gilashi da nasa karkatar, maganin wani a idon wani makanta ne.

Wani abin takaicin kuma, yawancin abin da muke kallo bai kai darajarta ba. Dikoda iyakarta HD, wasu tashoshin ma ko hakan ba su kai ba, kuma babbar fuska tona asirin hoto mara kyau take yi. Na gwada wani shiri na namun daji a Netflix, tambarin Dolby Vision, wani nau'in HDR, ya fito a kusurwa, wanda dama saboda shi na zaɓi LG, tunda Samsung ba sa sa shi a nasu. Dare ne a daji, taurari kamar an watsa gero a kan baƙin bargo, ɗakin ya yi tsit. Minti ashirin na kashe. 4K kan iya cin gigabait 7 a awa, data kuma bana ba ta da mutunci.

Sai na tara gida na yi musu doka ɗaya: da rimot ake kashe ta, ba a zare ta daga bango. Wannan ya saɓa wa tarbiyyarmu kaf, mu da aka raina da "kashe soket kafin a kawo wuta". Dalili shi ne duk bayan awa huɗu na kallo, idan aka kashe ta, takan ɗauki 'yan mintoci tana daidaita ɗigoginta a ɓoye. In ana yanke mata wuta kullum, aikin ba zai samu ba, tabon da hoto ke bari in ya daɗe a wuri ɗaya kuma ya fi saurin kama ta.

Tabon ne ma ya kawo ni kan abin da na kasa faɗa. Hajiya ta fito ta sha ruwa, tana cikin Sitta Shawwal ɗinta, ta zauna kan dardumarta ta ce, "Kai, sa min Makka in gani a sabuwar."

A gidan nan tashar Makka daga Asuba take kamawa, wani lokacin har a kwanta. Tambari a wuri ɗaya, rubutu a wuri ɗaya, awa goma sha, kullum. In da za a tambayi abin da OLED ta fi tsoro, shi ke nan. Na riga na shirya jawabina tun a mota: za a kai mata tsohuwar talabijin ɗin ɗakinta, ta fi kusa da gadonta, ba sai ta fito ba.

Na sa. Kyamara ta matso kusa da Ka'aba. Ban taɓa lura a talabijin cewa baƙin kyallen kansa yana da rubutu saƙe a jikinsa ba, baƙi a kan baƙi, ƙarƙashin zinaren. Hajiya ta matsa gaba. Ta ce rabonta da ganin wannan rubutun tun shekarar da ta je da marigayi, da ta kai hannu ta taɓa. Ta yi shiru, ta goge ido da bakin mayafi.

Jawabi ya tsaya a maƙogwaro. Da ta shiga ɗaki na koma cikin saiti, na kai rage hasken tambari matakin ƙarshe, na tabbatar ɗan motsa hoton nan da take yi a hankali yana kunne, na sauke hasken layin dikoda ƙasa da yadda na so. Tsohuwar talabijin ɗin tana jingine a baranda, ban san inda za ta ba tukuna.

Na kashe da rimot na zauna a duhu ina wannan rubutu. Ɗazu na ji ta yi ƙas, ta gama daidaita kanta. Rimot ɗin na ajiye wa Hajiya a gefen dardumarta, don kafin in dawo daga masallaci ta riga ni fitowa.