Zirga-zirgar ɗalibin jami'ar Yamai da ba shi da mota

Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda ne, hayin kogin Neja, alhali Babbar Kasuwa da Wadata da yawancin unguwanni suna ɗaya gefen. Saboda haka duk lissafin ɗalibi a kan gadar Kennedy yake ƙarewa. Tun 1970 aka buɗe ta, hannu biyu ce kawai, kuma a kanta taksi da babur da amalanken jaki suke gogayya, wani lokaci har da raƙumi. Mai darasin ƙarfe 8 ya yi ƙoƙari ya haye kafin 7 da rabi. An ƙara gadar Sin a 2011 da ta Seyni Kountché a 2021, amma ga mai nufin jami'a daga tsakiyar gari zagaye ne.

Taksin Yamai mai jan kai na haɗaka ne. Ka tsaya bakin titi, in ya rage gudu ka faɗi inda za ka. In ya yi shiru ya wuce, hanyarku ba ɗaya ba ce, ba wulaƙanci ba ne. Matsalar ita ce direban da ya ɗauko mutanen cikin gari ba ya son hayewa, in kuma ya yarda sai ya ce kuɗin tafiya biyu. Dabarar ita ce ka raba tafiyar: ka sauka a shataletalen bakin gada, ka nemi wanda dama Harobanda ya nufa. An daɗe ana biyan sefa 200, wato dala arba'in, amma farashi ya motsa, don haka ku daidaita kafin ka zauna. Ka riƙe canji. Miƙa jika biyar da sassafe neman faɗa ne.

Faba-faba, wato ƙaramar bas ta haya, ta fi araha, sai dai ba ta tashi sai ta cika. Bas ɗin ɗalibai kuwa, in ka same shi to, amma kada ka dogara da shi ranar jarrabawa.

Gadar kusan mita 700 ce, minti goma a ƙafa, kuma idan hanya ta cushe mai tafiya ƙasa yakan riga mota hayewa. Da safe ko bayan la'asar ke nan. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, tsallaka ta da azahar ba ruwa a hannu ganganci ne.

A cikin jami'ar, keke ya fi komai amfani, musamman tsakanin ɗakunan kwana da ɓangaren likitanci na Lamorde. Abokan gabansa biyu ne: yashi da ƙaya. Taya cike tam da iska nutsewa take a yashi, sai a rage mata kaɗan. In aka rage da yawa kuma bakin garen yana tsinke tif a kan dutse. Sarƙa a goge ta kafin a sa mai, domin mai da ƙura in sun haɗu cin haƙoran giya suke. Kwado kuma a sarƙafe shi da jikin keken da ƙarfe kafaffe, kada a tsaya kan tayar gaba kaɗai.